Impala ta 1966 da ta shekara 20 a kulle: da me za a fara?

Tambaya: Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. Na sayi Chevrolet Impala ƙirar 1966 a hannun magadan wani dattijo maƙwabcinmu. Injinta 283 ne (wato girmansa inci kubik 283) mai silinda takwas, giyarta otomatik. Sun ce ta kai shekara 20 a kulle a gareji ba a tashe ta ba. Niyyata in sa mata sabon batir da fetur in ji ko za ta tashi, daga nan in kai ta fenti. Da me ya kamata in fara?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ɗan'uwa, ya sa a mora lafiya. Amma batir ɗin nan ajiye shi gefe tukuna, kuɗin fentin kuma mayar da shi aljihu. Motar da ta daɗe a ajiye, yawanci ɓarnar da ake yi mata a ranar da aka ɗoki tashinta ta fi wadda shekarun suka yi mata. Injin shi ne abin da ya fi sauƙi a duk motar nan. Abin da zai iya cinye kuɗinka tsatsa ce, abin da zai iya cin ranka kuma birki ne, saboda haka da su za mu auna komai.

Fara shiga ƙarƙashinta. Ɗaga ta ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, kada ka kuskura ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, wannan mota ta kusa tan biyu. Ka riƙi tocila da babban sukundireba. Ohio tana cikin jihohin da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan shi ya kashe yawancin tsararrakin motarka. Daga 1965 Chevrolet ta canza shasin manyan motocinta zuwa mai zagaye gefe-gefe, ƙarfensa kamar akwati ne a wurare da dama, yana ruɓewa ta ciki alhali waje yana nuna lafiya. Caka masa sukundireba da ƙarfi a bayan tayoyin gaba, da inda yake lanƙwasawa sama ya haye aksul na baya, da inda hannayen da ke riƙe aksul ɗin suke ɗaure. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa za ka ji ya lotsa ko ya zubo ɓarɓashi. Sannan ka ɗaga kafet ɗin ƙasa da shimfiɗar but, ka duba gindin gilashin baya, domin motocin GM (General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet) na waɗannan shekaru sun yi ƙaurin suna wajen tara ruwa a nan, ya riƙa ɗiga cikin but. Bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, wani ya taɓa cike rami da foti ya shafe da fenti.

Ƙasan bodi da ƙasan but ana sayar da sababbinsu, aikin mai walda ne kawai. Shasin da ya huje a wurin ɗaurin aksul magana ce daban. In ka tarar da haka, tsaya ka yi lissafi kafin ka kashe ko dala ɗaya a wani wuri. Kana nan kuma ka gwada lambar da ke jikin farantin ginshiƙin ƙofar direba da ta takardar mallaka. Impala mai V8 ta wannan shekara lambarta da 164 take farawa, in ka ga 163, da inji mai silinda shida ta fito daga kamfani, wani ne ya canza mata daga baya.

In shasi ya ci jarrabawa, sai inji. Buɗe tukunyar filtar iska da farko, ɓeraye suna son yin sheƙa a ciki, kuma in sun zauna a nan to sun ɗanɗana wayoyi. Cire filogi takwas ɗin, ka jera su yadda ka ciro su don ka san wace silinda ce ke da tsatsa ko danshi. Zuba man giyar otomatik kamar cokali biyu a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu ko uku ya ratsa ringi. Sannan ka juya injin da hannu. Ga wani abu da ke rikita sababbin hannu: 283 da yawa ba su da noti a hancin karanshaf da za ka kama da sifana. In naka haka yake, cire murfin da ke ƙarƙashin giya ka riƙa tura haƙoran filawil a hankali. Buɗe murafun bawul biyun ka sa ido a kan rokoki goma sha shida yayin da kake juyawa. Kowanne ya sauka ya dawo. In wani bawul ya sauka ya ƙi dawowa, ko injin ya tafi ya cije a wuri ɗaya, kada ka yi masa dole. Kik ba ya jin wannan cijewar, murzawa kawai zai yi ya lanƙwasa sandar da ke tura roka ko ya karya ringi, shi ya sa na ce a ajiye batir.

Juye tsohon baƙin mai ka dube shi da kyau. In ruwa ne ya fara fitowa, ko man ya yi kalar shayi da madara, akwai magana a gasket ko a bulo. In yana warin fetur, fatar famfon mai ta yage. Filtar wannan inji irin ta gwangwani ce da ake canza cikinta, domin Chevrolet ba ta koma ga wadda ake murzawa a jefar ba sai 1968. Akwai zoben roba a cikin ramin da gwangwanin ke zama, ka tabbata ka ƙwaƙulo tsohon. In sabo ya hau kan tsoho, man zai tsiyaye a ƙasa cikin minti ɗaya. Bayan ka zuba sabo, mafi kyau ka yi wa distiributa alama ka zare ta, ka zura sandar da ake sayarwa don wannan aiki ka juya famfon baƙin mai da na'urar huda, ta juyin agogo, har ka ga mai ya fito a kan rokoki. Ta haka boris ba zai fara aiki a bushe ba.

Maganar wane mai za ka zuba ba ƙarama ba ce, kuma a nan mutane da yawa ke kashe lafiyayyen inji ba su sani ba. Tafet ɗin wannan inji gindinsu a shafe yake, suna gogar kamshaf kai tsaye, ƙarfe a kan ƙarfe, da matsi mai tsanani. Abin da ke raba su wani sinadari ne mai tutiya da fosfaras da ake kira ZDDP. Motocin yanzu tafet ɗinsu mai ɗan gargare ne, ba sa buƙatarsa da yawa, kuma fosfaras yana lalata matatar hayaƙin da ke cikin salansarsu, don haka aka rage shi a man zamani zuwa abin da bai wuce kashi 800 cikin miliyan ba. Tsohon inji ya fi samun natsuwa da wajen 1,200. Nemi man da aka rubuta cewa na tsofaffin motoci ne ko mai yawan tutiya, irin su Valvoline VR1, mai kaurin 10W-30. Ni na fi son a sayi man da aka haɗa shi haka daga kamfani a kan a sayi na zamani a riƙa tsiyaya masa kwalbar ƙari, don ba ka san yadda haɗin zai kasance ba, kuma yawansa fiye da kima shi ma illa ne. In kamshaf ya fara cinyewa, alamarsa ƙarar tafet da ba ta ɗaukewa da roka ɗaya da ke motsi kaɗan, kuma garin ƙarfen ya riga ya zagaye injin.

Fetur kuwa, abin da ke cikin tankin nan ya daina zama fetur tuni. Buɗe murfin ka shinshina, za ka ji warin tsohon fanish. In ka zuba sabo a kansa, zai narkar da ƙaron ya kai shi inji. Motar za ta iya tashi ranar, ka yi murna, da daddare ƙaron ya daskare a wuyan bawul, washegari ka murza makulli ka lanƙwasa sanduna. Saboda haka cire tiyon da ya taso daga tanki zuwa famfo, tashin farko ka shayar da injin daga ƙaramar jarka mai tsabta. Tankin kansa, ra'ayina a canza shi da sabo tare da ma'aunin cikinsa. Ana ƙera su har yau, kuma wahalar wanke tsohon ba ta biyan kanta. Duk wani tiyon roba da fetur ke bi a canza shi da irin wanda ke jure itanol. Yawancin fetur ɗin Amurka yana da itanol kashi 10 cikin 100, yana cin tsohuwar roba, yana kuma jan danshi daga iska in mota ta daɗe a tsaye. Famfon mai ma sabo, ba shi da tsada.

Kafiretar da ke kan yawancin 283 Rochester ce mai maƙogwaro biyu, kuma da wuya ka sami mai sauƙin kai irinta. Sayi kit ɗin gyara, kwance ta a kan farin ƙyalle, ɗauki hoton kowane mataki, jiƙa ta, busa kowace ƙofa da iska, ka daidaita tsayin fulot yadda takardar kit ɗin ta ce. Girgiza fulot ɗin kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Za a sami masu ba ka shawarar ka jefar da ita ka ɗora babbar Holley ko Edelbrock mai maƙogwaro huɗu. Ƙyale su. Ƙaramin inji ne da bai kai lita biyar ba, babbar kafireta ba abin da za ta ƙara masa sai shan mai da shaƙewa in ka taka totur.

Za ka kuma ji ana cewa dole ka cire tof silinda a sa mazaunin bawul mai tauri, saboda an ƙera injin ne lokacin fetur mai dalma, wanda aka haramta wa motocin titi a Amurka tun farkon 1996. Asalin maganar gaskiya ne, dalma tana rage cin mazaunin bawul ɗin hayaƙi. Amma wannan ciwo ya fi kama injin da ke jan tirela ko yake wuni yana gudu a babbar hanya. Motar da za a fita da ita ranar Asabar za ta yi shekaru ba ta nuna komai ba. Ranar da wani dalili ya sa aka buɗe tof, sai a yi aikin gaba ɗaya.

Wuta ba ta da wuya. Duk makaniken da ya yi zamanin Peugeot 504 da Volkswagen ƙwaro a gida ya san kwantak da kwandensa, kuma su ne a nan. Buɗe hular distiributa, goge bakin kwantak ɗin da ya yi fari, ko ka sa sabo ka ba shi tazarar inci 0.019. Distiributar wannan mota, ƙirar Delco, tana da wata 'yar taga ta ƙarfe a jikin hularta. In injin ya tashi, sai ka ɗaga tagar ka zura makullin alan na inci 1/8, kana juyawa kana kallon mitar auna rufewar kwantak (dwell meter) har ta nuna digiri 30. Sai ka gama wannan kafin ka taɓa tayimin, domin canza tazarar kwantak yana gusar da tayimin. Jerin tashin silinda 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, rota tana bin juyin agogo, silindu 1, 3, 5, 7 suna ɓangaren direba, 2, 4, 6, 8 suna ɗaya ɓangaren. Wayoyin 5 da 7 su ake yawan musanyawa, duba su sau biyu. Kada ka bar makulli a kunne injin yana kashe, kwantak zai ƙone, kwayil ya yi zafi. Akwai 'yar na'urar Pertronix da ke shiga cikin hular ta maye gurbin kwantak ba tare da an ga canji daga waje ba. Tana da kyau, amma bari motar ta tashi da kayanta na asali tukuna, don in ta ƙi tashi ka san inda za ka nema.

Ranar tashin, fito da ita fili, tukunyar kashe gobara a kusa da hannu, mutum ɗaya a sitiyari ɗaya a gaban inji. Murza ta ba filogi na 'yan daƙiƙoƙi ta tofar da man da ka zuba, sannan ka mayar da su. Kada kowa ya leƙa maƙogwaron kafireta ko ya riƙa tsiyaya mata fetur ana murzawa, tana iya yin atishawar wuta. In ta kama, fitilar baƙin mai ta mutu nan take, in ba ta mutu ba kashe ta. Hayaƙi zai turnuƙe na ɗan lokaci, wannan man cikin silinda ne. Kafin ranar ka riga ka canza tiyoyin lagireta da na hita da fanbel da tamostat, ka wanke lagireta ka cika ta da koren ruwan sanyaya inji irin na da, wanda ya dace da lagiretar tagulla. Sa ido a kan faifan toshiyar da ke gefen bulo, su ne ke fara tsiyaya in tsatsa ta ci su ta ciki.

To, ta tashi. A nan ne haɗarin yake, domin zuciya za ta ce ka zagaya unguwa sau ɗaya kawai. Kada ka yi. Birkin motarka na daram ne a ƙafa huɗu, kuma mastan birkinta mai ɗaki ɗaya ne. Ma'ana, in tiyo ɗaya ya fashe ko bututu ɗaya ya huje a ko'ina, birkin ƙafa huɗun ya tafi gaba ɗaya, feda ta taɓa ƙasa. Sai a ƙirar 1967 Chevrolet ta koma masta mai ɗaki biyu da ke raba gaba da baya. Man birki yana shan danshi, shekara 20 ta isa ya cinye silindun ƙafafu da bututun ƙarfe ta ciki. Feda na iya yin tauri a gareji, sai ka taka da ƙarfi a mahaɗar hanya ruɓaɓɓen bututun ya buɗe. A nan ba na gwada komai, canzawa nake yi: masta, silindun ƙafa huɗu, tiyoyin roba uku, layinin da sifirin ɗinsu, da bututun ƙarfe in akwai ko alamar tsatsa. Tunda za ka kwance, mayar da ita mai ɗaki biyu irin na 1967. Masu son komai ya zauna yadda ya fito daga kamfani za su ɓata rai, amma iyalinka za ka ɗauka a ciki.

Wajen aikin daram, gama ɓangare ɗaya kafin ka kwance ɗayan, don ya zama maka abin dubawa in sifirin sun rikice. Takalmin da layininsa ya fi gajarta shi ke fuskantar gaba. Ƙurar da ke ciki kada ka busa ta da iska, tsofaffin layinin suna da asbestos mai lalata huhu, jiƙa ta da ruwan wanke birki ka goge. Man DOT 3 ko DOT 4 ya isa, kada ka gauraya su da DOT 5, shi na silikon ne. Ka gyara birkin hannu ma, wanda a wannan mota feda ce ta ƙafar hagu. Mayar da gaba zuwa diski gyara ne mai amfani in za ka riƙa shiga cunkoso, sai dai yawancin kit ɗin ba sa shiga cikin rim na inci 14, sai ka sayi na 15. Wannan zai iya jira.

Tayoyi a zubar, ko da zanensu bai taɓu ba. Duba ƙarshen lambar DOT a gefensu: lamba huɗu mako ne da shekara, in uku ce to kafin 2000 aka yi tayar. Ka sa wa duk kan giris na ƙafafun gaba giris, ka girgiza kowace taya ka ji ko akwai lilo, ka wanke boris ɗin gaba ka sake cika su.

Giyarka, in ta asali ce, Powerglide ce, kuma sau ɗaya tak take canzawa domin giya biyu gare ta. Na faɗa ne don kada ka zaci ta lalace. Tana da jimiri ƙwarai, masu tseren mota har yau suna nemanta. Canza mai da matata, ka zuba Dexron, ban da Type F na Ford. Ana auna man ne injin yana silo, ya yi zafi. Ɗigon da za ka gani a ƙasa bayan dogon zama sau da yawa yana raguwa in ta fara aiki. In kuwa ka ga farin hayaƙi a salansa man giya kuma yana raguwa, zare ɗan tiyon iskan da ke shiga gefen giyar, in da jan mai a ciki modileta ce ta yage, ƙaramin abu ne.

Abu ɗaya da zan so ka gwada cikin watannin farko shi ne sarƙar tayimin. Injinan Amurka da yawa na wancan zamani an yi wa haƙoran giyar kamshaf ɗinsu rufin nailan don rage ƙara, kuma tsufa yana farfasa shi, gutsattsarin su toshe matatar famfon baƙin mai. Cire hular distiributa, juya injin gaba kaɗan sannan baya, ka ga tsawon tafiyar da yake yi kafin rota ta motsa. In tazarar ta yi yawa, sa sabuwar sarƙa mai giyar ƙarfe zalla.

Kayan aiki: notocin motar nan duk na inci ne. Sifana 13 za ta yi kamar ta kama noti na rabin inci, 14 ta yi kamar ta kama 9/16, har ranar da za su murje kan wanda ya yi tsatsa. Sayi saitin inci, da littafin gyara na kamfanin na shekarar, ana sake buga shi. Kayan inji ba za su ba ka wahala ba. Wannan dangin inji ya fito tun 1955, GM ta ƙera sama da miliyan 100, kuma Impala ta 1965 kaɗai an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Kusan kowane shagon kayan mota zai samo maka famfon ruwa ko kik, ga Summit Racing nan a Tallmadge cikin jiharku. Abin da ke wuya shi ne kayan ado: ƙarafan gefe masu ƙyalli, tambura, datsar fitilun baya, ƙananan maɓallan dashbod. Ko ɗaya kada ka yar, ko ya lanƙwashe. Wanda ya ɓace sai ka neme shi a kasuwannin tsofaffin kaya irin na Carlisle da Hershey a Pennsylvania, na Hershey a watan Oktoba ake ci.

Fenti shi ne ƙarshe, kuma zan so ka yi shekara guda kana hawanta kafin ka yanke shawara. Amurka cike take da motocin da aka kwance su ƙwaf da niyyar a mayar da su sababbi, kuɗi ya ƙare ko zuciya ta sanyaya, aka sayar da su a cikin kwalaye. Yi aiki ɗaya, ka mayar da motar kan ƙafafunta, sannan ka kama na gaba. In fentin da ke jikinta na kamfani ne, irin fentin GM ne da ake kira lacquer, kuma sau da yawa yana farfaɗowa. Wanke ta, ka gwada man goge fenti mai laushi da hannu a wani lungu na murfin but, ban da injin gogewa, don fentin ya yi siriri a kan gefuna. Masu sayen irin waɗannan motoci da yawa sun fi daraja fentin asali mai 'yan tabo a kan sabo mai arha. Kafin ka fito da ita titi kuma ka nemi inshorar tsofaffin motoci, irin wadda ake amincewa da ƙimar motar tun farko a rubuce, kamfanoni irin su Hagerty suna yi. Fitar farko ta zama gajeriya, a unguwa, ka dawo ka taɓa kowane rim ka ji ko wani ya fi sauran zafi, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ka ga abin da zai ɗiga kafin safiya.